Rigar Ceto da Aikin Malamin Jami'a: Kira ga Ɗaliban Ƙasar Yauri

(Jawabin da aka gabatar a madadin ɗalibai 'yan asalin Yauri da Ngaski da Shanga a taron ƙarshen zangon karatu)



Tun da fari muna neman afuwa idan aka ga ƙaramin baki ya ɗauko babbar magana. Mu ɗalibai ne, ko digirin farko ba mu kammala ba, kuma mun san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma da aka nemi mu zaɓi abin da za mu yi magana a kansa yau, sai muka ga babu abin da ya fi cancanta irin mu haɗa abubuwa biyu da suka daɗe suna damunmu. Na farko shi ne yadda ruwa yake cin 'yan'uwanmu shekara bayan shekara. Na biyu shi ne yadda kowane ɗalibi mai hazaƙa daga cikinmu yake gudun aikin koyarwa da bincike a jami'a. Manufarmu ita ce mu nuna cewa akwai wani fanni na ilmi, watau binciken na'urorin sawa a jiki da tsara mu'amalar mutum da na'ura, wanda ya dace wasu daga cikinmu su ɗauke shi sana'ar rayuwa, kuma tambayoyin da zai amsa suna nan jibge a bakin kwatar Warra.

Abin da ya faru a Warra

Ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa na katako da ke zirga-zirga tsakanin Warra da gaɓar Jihar Neja ya dare a tsakiyar ruwa ɗauke da mutum fiye da 150. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. An yi kwanaki ana tsamo gawarwaki. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasu mata ne da ƙananan yara, mutanen da neman abinci ya fito da su daga gida. Akwai waɗanda ke zaune a wannan ɗaki da suka yi zaman makoki a makon nan, saboda haka ba sai mun tsawaita ba. Allah ya jiƙan su.

Shekara biyu bayan haka, a watan Yuni na 2023, aka sake yin irinsa a yankin Patigi ta Jihar Kwara, inda mutum fiye da 100 suka halaka a kan hanyarsu ta komowa daga biki. Lamarin kuwa bai tsaya a ƙasarmu kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan haka.

Domin mu fahimci hatsarin, wajibi ne mu tuna cewa ruwan da ke gaban Warra a yau ba shi ne wanda kakanninmu suka sani ba. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwan da aka datse ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, faɗinsa a wani wuri ya haura kilomita 20. An tayar da mutum fiye da 40,000 daga garuruwansu da tsibiransu, tsohuwar Busa ta nutse aka gina sabuwa. Gungawa da Sarkawa da Kambari da sauran mutanen gaɓa, waɗanda suka gaji sanin kogi mai gudu, suka wayi gari da wani makeken ruwa da iska ke tayar masa da igiya kamar teku. Itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a tsaye a ƙarƙashinsa. Ruwan kuma ba ya zama wuri ɗaya: farin ruwa yana zuwa da damina, baƙin ruwa yana isowa daga can saman kogi cikin hunturu, sa'an nan tafkin ya ja da baya sosai kafin wata damina. Kututturen da jirgi ya wuce ta kansa lafiya a wannan wata, shi ne zai fasa cikin jirgin bayan 'yan watanni.

Duk lokacin da aka yi hatsari, maganar da ake fara yi ita ce ta rigar ceto, watau rigar nan mai kumfa da ke hana mutum nutsewa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa ta. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, wadda hedkwatarta ke Minna, ta raba riguna a garuruwan gaɓa. A 2025 ma Gwamnatin Tarayya ta fara rabon dubbansu ga jihohin da ke da ruwa, ta kuwa fara daga Jihar Neja. Wannan ƙoƙari ne abin yabawa. Amma duk wanda ya tsaya a bakin ruwa ranar kasuwa ya ga abin da muka gani: rigar tana cikin jirgi, wani ya yi matashi da ita, wani ya zauna a kanta, kaɗan ne suka sa ta a jiki. Amsar da aka saba bayarwa ita ce mutanenmu ba su waye ba. Mu dai wannan amsa ba ta gamsar da mu ba, kuma fannin da za mu yi bayaninsa yanzu shi ya koya mana dalili.

Mene ne wannan fanni?

Na'urar sawa a jiki ita ce duk wata na'ura da mutum zai ɗaura ko ya rataya ko ya sa kamar tufafi, ta riƙa yi masa aiki yana cikin harkarsa. Tarihinta ya fi yadda ake zato tsawo. A ƙarshen shekarun 1940 wani Ba'amurke, Norman Holter, ya ƙera na'urar bin diddigin bugun zuciya wadda ake goyawa a baya, nauyinta ya kusa kilo 40. Yau jikarta tana shiga aljihu, kuma ana amfani da ita a manyan asibitocinmu. A 1961 wasu masana lissafi biyu, Edward Thorp da Claude Shannon, suka haɗa wata 'yar kwamfuta mai girman kwalin taba wadda ake ɓoyewa a jiki, suka gwada ta a gidan caca na Las Vegas. Ita ce da yawa suke ɗauka a matsayin kwamfutar sawa ta farko.

Abin ya zama fannin karatu sosai ne a jami'ar MIT ta Amurka, a wata cibiyar bincike da aka buɗe a 1985. A can ne Steve Mann, ɗan ƙasar Kanada, wanda tun yana sakandare yake ƙera kwamfutar da ake goyawa, ya sami digirin dakta a 1997, ya koma Jami'ar Toronto ya zama farfesa. Abokin karatunsa Thad Starner ya fara sa kwamfuta a jikinsa kullum tun 1993, daga baya ya zama farfesa a Georgia Tech. A 1997 aka yi babban taron masana wannan fanni na farko. Wajen 2007 wata ɗaliba a Jami'ar Colorado, Leah Buechley, ta fito da LilyPad Arduino, ƙananan kayan lantarki da ake ɗinkawa a jikin yadi da zare mai ɗaukar wuta. Da wannan sai allura da zare suka shiga ɗakin binciken injiniyoyi. Mu lura da abu guda: duk waɗannan mutane suna ɗalibai suka fara, da kayan da suka tsinto da hannunsu.

Ɓangare na biyu na fannin, watau tsara mu'amala, shi ne nazarin abin da ke gudana tsakanin mutum da abin da aka ƙera masa. Donald Norman, a wani littafi da ya fitar a 1988, ya kafa hujja cewa idan mutane da yawa suna ta yin kuskure iri ɗaya wajen amfani da wani abu, to a fara tuhumar wanda ya tsara abin kafin a tuhumi masu amfani da shi. Tun kafin nan, a shekarun 1970, Kristen Nygaard na ƙasar Norwe ya yi aiki tare da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe, inda aka fara shigo da ma'aikata cikin shawarar irin kwamfutar da za a kawo musu wurin aiki. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan darasi da ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Misalai biyu za su nuna abin da ke faruwa idan aka manta da mai ɗaki. A 2013 kamfanin Google ya fito da tabarau mai kwamfuta, Google Glass. Ƙwararru ne suka ƙera shi, kuɗi kuwa ba a magana. Amma jama'a suka ƙi jinin zama da mutumin da ke iya ɗaukar hotonsu ba su sani ba, har aka daina sayar wa jama'a shi a 2015. Misali na biyu ya fi kusa da mu. Akwai 'yar na'urar da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa domin auna iskar numfashi da ke cikin jininsa, tana aiki ne da haske mai ratsa fata. A watan Disamba na 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka bayyana cewa na'urar tana kasa gano ƙarancin iska a jinin baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da yadda take kasawa a jinin fararen fata. Ita ce dai ake shigowa da ita asibitocinmu. Idan babu namu a wurin da ake gwada waɗannan kaya, to za mu ci gaba da sa rigar da aka auna a jikin wani.

Tambayoyin da ke bakin kwata

A hutun da ya wuce wasu daga cikinmu muka sauka bakin ruwa a Warra da rigar ceto guda, muna tambayar mutane ra'ayinsu. Ba bincike muka yi irin na masana ba, hira ce kurum. Wani dattijo masunci ya juya rigar ya dube ta, ya ce, "Samari, ku da kuka yi boko, ɗayanku ya sa ta ya jefa mini birgi sau goma in gani." Ɗayanmu ya sa. A jifa ta biyu birgin ya sarƙe a maɓallin ƙirji, aka yi ta dariya. Muka ce, "Baba, ai gara sarƙewar birgi da nutsewa." Ya ce, "Nutsewa wata rana ce, jifar birgi kullum ce." Wata baiwar Allah kuma da ke jiran jirgi da jariri a baya ta ce, "Ɗana, in na sa wannan, goyon nawa a ina zan sa shi?" Ba mu da amsar da za mu ba ta, kuma har yau ba mu da ita.

Waɗannan maganganu biyu kowace tana iya zama kundin digiri. Rigunan da ake kawo mana an tsara su ne domin matuƙan jiragen ƙasashe masu sanyi da masu shaƙatawa a ruwa. Wanda ya zana su bai san zafin watan Afrilu a ƙasar Yauri ba, bai san babbar riga da zane da hijabi ba, bai san uwa mai goyo ba, bai san mutumin da zai wuni yana tuƙi da filafili ba. Ga kaɗan daga cikin abin da ya kamata a bincika.

Na farko, siffa da yadi. Ana auna ƙarfin ɗagawar riga da ma'aunin niyuton, kuma ƙa'idar duniya ta kasa su mataki huɗu: 50 da 100 da 150 da 275. Ta mataki 150 an yi ta ne domin ta juyo da fuskar wanda ya suma sama. Ruwan kogi bai kai ruwan teku ɗaga jiki ba, tufafi masu yalwa kuma suna canza yadda jiki ke juyawa cikin ruwa. Saboda haka sai an gwada riga a ruwanmu, a jikin mutum mai sanye da irin tufafinmu, kafin a ce ta yi. Sa'an nan a dubi ko za a iya mayar da kumfar wuyan da kafaɗa a bar ƙirji da hammata a sake, ko telolin Yauri za su iya ɗinka ta, da kuma nawa za ta tsaya.

Na biyu, abin da muka gada. Duk wanda ya ga bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta suna kwance a kan manyan goruna suna yawo a kan ruwa da homa a hannu. Watau mutanen Kabi sun san dabarar hana nutsewa tun kafin a kawo mana kumfa, kuma sun zaɓi wadda ba ta ɗaure musu hannu. Mai bincike na ƙwarai zai fara ne da tambayar me ya sa masunci ya yarda da gora ya ƙi riga.

Na uku, lantarki. Bayan hatsari, abin da ke cin rai shi ne jinkirin labari da wuyar gano inda mutane suke, musamman da dare. Ana iya ɗinka wa riga 'yar fitila da ke kamawa da kanta idan ta taɓa ruwa. Sai dai ruwan gishiri ya fi ruwan kogi ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba, don haka na'urar da aka daidaita domin teku tana bukatar a sake gwada ta a nan. Na'urar GPS tana gaya wa mai ita inda yake, amma ba ta aika wa kowa labari, sai an haɗa ta da abin aikawa. Mu da muke hawa jirgi mun san wayar hannu takan rasa sabis a tsakiyar tafki. Akwai wata fasahar rediyo mai suna LoRa, wadda ke aika gajeren saƙo tsawon kilomitoci da ɗan ƙaramin batir. Ana iya tunanin kafa na'urar karɓa mai aiki da hasken rana a kan dogon ƙarfe a Warra da sauran kwatoci. Amma saƙon rediyo ba ya tafiya a ƙarƙashin ruwa, dole eriya ta zauna a kafaɗa. Kuma ko saƙon ya iso, wa zai ji shi da ƙarfe biyun dare, da wane jirgi zai fita, wa zai sayi mai? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ainihin tsara mu'amala, kuma ta shafi Sarkin Ruwa da ƙungiyar masu jirage da ƙaramar hukuma fiye da yadda ta shafi injiniya.

Na huɗu, amana. Na'urar da ke nuna inda masunci yake tana iya tona asirin wurin da yake samun kifi, tana kuma iya zama hanyar bin sa da haraji. Idan ya yi zargin haka, zai cire batirin ya jefa a ruwa, kuma yana da hujja. Nijeriya ta sami dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma yadda za a yi aiki da ita ga mutumin da ba ya karatun boko abu ne da ke jiran mai bincike.

Kada a ɗauka mafarki muke yi. A 2008 da 2009 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba masuntan Alaska riguna iri dabam-dabam su yi aiki da su wata guda su faɗi ra'ayinsu, sai aka gano cewa kowane rukunin masunta da irin wadda ta dace da aikinsa. A Yuganda masana daga Jami'ar Makerere sun yi nazarin dalilin da ya sa masu jirage a tafkin Albert ba sa sa riga, suka tarar cewa rashin yarda da ingancin rigunan da ke kasuwa yana cikin manyan dalilai. A Yugandan ne kuma wani matashin injiniya, Brian Turyabagye, da abokansa suka ƙera wata riga mai suna MamaOpe domin taimaka wa ma'aikatan lafiya gano ciwon huhu a jikin yara. Tun 2016, lokacin da aka fara shi a Nairobi, masanan Afirka na wannan fanni suna da taronsu na kansu mai suna AfriCHI.

Iyakar abin

Gaskiya ɗaya ce, wajibi ne mu faɗe ta. Riga, ko ta zinariya ce, ba za ta hana jirgin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa darewa ba. Manyan dalilan hatsari sanannu ne: lodi fiye da kima, tsufan jirage, tafiyar dare, kututture, da rashin hanyoyin mota da gadoji, wanda ke tilasta wa talaka shiga kowane jirgi ya samu. Waɗannan aikin hukuma ne, kuma kada wani ya fake da maganar na'ura ya guje musu. Amma a nan ma mai tsarawa yana da abin cewa. A 1876, bayan gwagwarmayar wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll, Ingila ta wajabta zana layi a jikin jirgi, wanda idan ruwa ya rufe shi kowa ya san lodi ya yi yawa. Fenti ne kurum, babu batir babu waya, amma ya mayar da abin da mai jirgi kaɗai ya sani ya zama abin da kowane fasinja ke gani da idonsa. Wani lokaci sakamakon binciken shekara uku shi ne a gane cewa gwangwanin fenti ake bukata. Wannan ma nasara ce.

Hanyar malanta

To, ta yaya ɗalibi zai shiga wannan aiki? Ƙofofinsa da yawa. Mai karatun kwamfuta da injiniyan lantarki suna da gurbi, haka mai nazarin halayyar jama'a, da mai karatun lafiyar al'umma, da ɗalibin harsuna wanda zai tsara saƙon murya da Hausa ko da harshen Gungawa. Sashen tsara kayan masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana koyar da saƙa da zanen yadi. Kusa da gida akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta 2013, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. A Sabuwar Busa kuma akwai cibiyar binciken kifi ta ƙasa, wadda ta faro a 1968 a matsayin shirin binciken tafkin Kainji, inda aka tara sanin wannan ruwa na fiye da shekara hamsin.

Matakan kuwa sanannu ne. Ɗalibi ya fita da digiri mai daraja, ya yi hidimar ƙasa, a ɗauke shi mataimakin malami. Ya yi digiri na biyu, sa'an nan na dakta, wanda kan ci shekara uku zuwa biyar. Daga nan ya riƙa hawa daga lakcara zuwa babban lakcara har zuwa farfesa, kuma kowane hawa yana rataye ne a kan abin da ya bincika ya buga wanda 'yan'uwansa masana suka tantance. Asusun TETFund yana tallafa wa malaman jami'o'in gwamnati wajen ƙaro karatu da gudanar da bincike. Tafiya ce mai tsawo, amma sannu ba ta hana zuwa.

Ba za mu ɓoye wahalarta ba, domin a gabanmu malamanmu suke sha. Albashi bai kai na banki ko na kamfanin mai ba. Aji ɗaya yakan ɗauki ɗaruruwan ɗalibai. Wuta takan ɗauke ana tsakiyar gwaji, abin takaici ga mutanen da aka tayar da iyayensu domin a samar wa ƙasa lantarki. A 2020 an rufe jami'o'in gwamnati wata tara saboda yajin aiki, a 2022 kuma wata takwas, kuma mu ne muka zauna a gida. Da yawa daga cikin waɗanda suka fita ƙaro ilmi ba su komo ba, ba kuwa za mu zarge su ba. Ga kuma wata matsala ta musamman: wannan fanni yana tsakanin sassa ne, alhali tsarin ƙarin girma a jami'o'inmu ya fi sanin mutumin da ya tsaya a sashe guda.

Duk da haka muna ganin akwai riba uku. Kayan gwajin wannan fanni suna da araha idan aka kwatanta da na sauran fannonin kimiyya: 'yan ƙananan alluna na lantarki, keken ɗinki, littafin rubutu da kunnen sauraro. Sa'an nan muna da abin da baƙo ba zai saya da kuɗi ba, watau harshe da dangantaka. Matar nan mai goyo ba za ta gaya wa baƙo abin da ta gaya mana ba. Na uku, malamin jami'a shi ne yake da ikon bin tambaya ɗaya shekara goma, ya kuma bar ɗalibai da za su ci gaba da ita bayansa. Ɗan kwangila yana kawo riguna ya karɓi kuɗinsa ya tafi, babu mai komowa bayan shekara ya duba ko ana sa su.

Kammalawa

Saboda haka muna da roƙo uku. Ga 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman waɗanda za su zaɓi aikin bincike na shekarar ƙarshe: kafin ku kwafo batu daga intanet, ku sauka kwata ku wuni. Muna roƙon 'yan'uwanmu mata su shigo gaba-gaba, domin maganar goyo da hijabi ba za ta warware a hannun maza kaɗai ba. Ga malamanmu: a yarda ɗalibin kwamfuta da ɗalibin nazarin jama'a su yi aiki ɗaya a ƙarƙashin malamai biyu. Ga yayyenmu ma'aikata, ku da takardun sayen kaya ke bi ta teburinku: duk lokacin da za a sayi riguna, ku nemi a fara gwada 'yan kaɗan a jikin masu sa su, a kuma ware wani abu domin a koma bayan wata shida a ƙirga nawa ke jikin mutane. Haka kuma ku taimaka a riƙa rubuta kowane hatsari, ƙarami da babba, da wurinsa da lokacinsa da dalilinsa, domin babu binciken da zai yiwu ba tare da wannan ba.

Mu kuma a namu ɓangaren mun yi alkawari za mu koma Warra a hutu mai zuwa, tare da tela guda da riguna iri uku, mu nemi dattijon nan ya sake gwada mu da birginsa. Abin da muka samo za mu kawo shi gaban wannan taro.

 Allah ya kiyaye matafiyanmu na ruwa da na tudu.